Gumbar Inna Ɗija

"Ki cire mini wannan robar daga hanci, magana za ni yi."

"Inna, robar ce ke ba ki numfashin maganar," in ji Constance, nas ɗin da asibiti ke turowa gida kullum da hantsi. 'Yar Kafanchan ce, Hausa a bakinta zar. Ta mayar da robar, ta gyara mata filo.

"To bar ta. Amma ki tsaya nan, shaida nike so. Tayyiba, matso kusa."

Tayyiba ta ajiye kwanon kunun da ta tsallako da shi daga gidanta, ta jawo kujera. Kayan aiki ne a jikinta. Ƙarfe sha biyu za ta kama aiki a gidan wani tsohon Bature a garin Manassas, nan Amurka, ta yi masa wanka ta ba shi abinci. Ta dubi agogo, ta dubi tsohuwar. Inna Ɗija ta ƙare, sai ido da baki. A falo aka kafa mata gadon asibiti yana kallon taga, don ta ce ba za ta mutu ba ta ga kajinta ba.

"Ran sadakar ukuna," in ji Inna Ɗija, "ban yarda a niƙa mini gumba cikin injin nan mai ihu ba. A turmina za a daka ta. Kuma Asma ce za ta daka. Tsakar gida, cikin mata. Ba bayan gareji ba."

"Haba Inna, Allah ya ba ki lafiya, wace irin magana ce..."

"Lahiya ta ƙare, ɗiyata, kar ki ɓata mini numfashi. Kin ji ko ba ki ji ba?"

"Na ji."

"Constance?"

"Na ji, Inna."

Tayyiba ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabinta. "Matan ƙungiyarmu ta Lanham za su zo fa. Dukkansu."

"Ai don su na hwaɗa." Tsohuwar ta yi tari, Constance ta ɗiga mata ruwa da cokali. "Shekara guda ina saurarenki ta shingen nan. Ban taɓa jin kin kira sunan yarinyar ga ba."

"Inna, haihuwar fari ce. Kin san ba a kiran..."

"Na san kunyar ɗan fari, ni ma na yi ta. Waccan kunya ce mai so a cikinta. Taki ɓuya ce. Tashi ki tahi aikinki, Bature na jira."

Asma ita ce ɗan farin Tayyiba. Ba tuntuɓen harshe ba ne, haka abin yake. Namiji aka haifa a Kano, aka yanka rago aka ce Bashar, aka zo da shi Amurka yana goye. Yana shekara goma sha huɗu, suna zaune a Lanham, ya tsaya a ƙofar kicin ya ce da uwarsa shi tun da ya yi wayo bai taɓa jin kansa namiji ba, mace yake jin kansa, kuma Asma yake so a rinƙa ce masa. Tayyiba ta yi salati, ta yi kuka, ta yi azumi, ta sa aka yi sauka a Kano. Ba abin da ya canza sai rama da yaron ya ƙara. Magana ta fita ta shiga wayoyin matan ƙungiya, har da masu cewa ɗan daudu. Mijinta Munzali, direban tirela, ya ce su koma inda zai samu filin ajiye mota. Kowa ya san ba mota ake nema wa maɓoya ba.

Suka tare a Nokesville, can bayan Manassas, inda kwalta ke ƙarewa a shiga tsakuwa, shanu sun fi mutane yawa. A can abin ya ƙara lalacewa. Bas ɗin makaranta tafiyar minti arba'in ce, kuma yaran gonaki ba sa gajiya da baƙar magana. Wata ranar Talata motar asibiti ta zo ta kwashi Asma, kwana tara tana can. Ranar sallama likitar da ke duba masu ciwon damuwa ta zaunar da Tayyiba ta gaya mata abu biyu. A kwashe magunguna da wuƙaƙe daga gidan. Kuma a samu ko da mutum ɗaya wanda zai karɓi yarinyar yadda take.

Na farkon Tayyiba ta yi shi tsaf. Magunguna suka koma jakar aikinta, wuƙaƙe suka koma but ɗin mota. Ko albasa za ta yanka sai ta ɗauki makulli ta fita. Duk Laraba kuma tana tuƙi na awa guda ta kai ta wurin likitar, ba fashi. Na biyun ne ya gagare ta. Bashar ba ya kiruwa, don duk wanda ya faɗa sai yarinyar ta rufe ɗaki kwana biyu. Asma kuwa ya ƙi fita daga bakinta. Sai ta fake da al'ada, tunda dama uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. "Hamida, kira Yayanku," haka take ce wa ƙaramar. Ko ta ƙwanƙwasa ƙofa ta ce, "A fito a ci abinci." Munzali kuwa in ya dawo daga hanya, bango yake yi wa sallama.

Mutum ɗayan nan da likita ta ce, ta shinge ya zo.

Inna Ɗija 'yar Maraɗi ce. Mijinta Malam Ilu shekara talatin ya yi yana karanta labarai a gidan rediyo cikin Washington, da ya ajiye aiki ya sayi 'yar gonar nan, bai shekara uku a ciki ba Allah ya karɓi abinsa. Ita ta ƙi komawa wurin ɗanta Abdulhamid a Lanham. Ta zauna da kajinta da kuɓewarta da yakuwarta, da turmin da aka kawo mata daga gida cikin jirgin ruwa. Gero a shagon 'yan Indiya take saye, ta daka furarta da hannunta.

Wata safiya tana daka ta ga doguwar inuwa tsaye a jikin shinge.

"Wa ke nan? Mi sunanki?"

"Asma."

"To Asma, tsallako ki kama mini, kahwaɗata ta mutu."

Da yamma Tayyiba ta shiga da sallama, tana kame-kame. "Inna, na ga kin sa aiki. Na ce bari in gaya miki, kar ki ji a wani wuri. Namiji ne fa."

"Na tambaye ki? Ina da ido. Na tambayi suna an hwaɗa mini. Kuma geron bai yi gardama ba." Ta miƙo mata ƙwarya. "Sha hura. Hannun ɗiyarki ne."

Tun daga ranar, da an sauko daga bas sai gidan Inna. Surfe, bakace, tankaɗe, ba wanda ba ta koya ba. Yarinyar da a gida Turanci kawai take mayarwa, sai ga ta tana Hausar Maraɗi, tana "mi" tana "tahi", har Hamida na kwaikwayonta. Kumatunta suka ciko. Tayyiba tana jin ƙarar taɓarya ta taga tana wanke-wanke, ta ce alhamdulillahi a ranta, ta bar wa tsohuwa aikin da nata ne.

Yanzu ga tsohuwar za ta tafi.

Kwana biyu bayan wasiyyar, ranar Alhamis da la'asar, numfashin Inna ya canza. Constance ta kira Abdulhamid, yana hanya cikin cunkoso. Asma na durƙushe tana riƙe da hannunta. Tayyiba ta sunkuya daidai kunnenta tana faɗin kalmar shahada a hankali, leɓen tsohuwar na bi. Wani zakara ya haye kan baranda ya leƙo ta taga. Inna ta buɗe ido ta dube shi.

"Ba a ba su ruwa ba," ta ce.

"Za ni ba su, Inna," in ji Asma.

Tayyiba ta sake faɗin kalmar, Inna ta kai ƙarshenta, shi ke nan. Tayyiba ta shafe mata ido, ta ɗaure haɓar da ɗankwali. Asma ta tashi ta fita ta zuba wa kaji ruwa, ta tsallake shinge ta shiga ɗakinta ta rufe.

Washegari bayan sallar Juma'a aka yi jana'iza. Asma ba ta je ba. Ina za ta tsaya? Maza sun bi gawa maƙabarta, mata sun zauna a gida, ba wuri na uku. Ta bayan labule ta ga motocin sun wuce.

Ranar ba ta ci ba. Asabar ba ta ci ba. Tayyiba ta ɗauko sukudireba ta kwance makullin ɗakin gaba ɗaya, ta jefa shi cikin jaka tare da magunguna. Lahadi da safe, ranar sadakar uku, Hamida ta shigo kicin rungume da wani zane mai ruwan bula.

"Mama, Yaya ta ba ni. Ta ce ba ta buƙatarsa kuma."

Zanen Inna ne, wanda ta ba Asma don ɗaurawa lokacin daka. Likita ta taɓa gaya mata, in ta ga an fara rabar da kaya, kar ta yi wasa. Ta kira lambar likitar nan take, aka ce a kawo ta gobe da sassafe, yau kuma kar ido ya bar kanta. Ta karɓi zanen ta mayar ɗakin ta ajiye a ƙarshen gado. Asma na kwance ta juya wa ƙofa baya.

"A daure a sha ko shayi ne," in ji Tayyiba.

Ko motsi.

Kafin azahar motoci sun cika gefen hanyar tsakuwa, daga Lanham, daga Manassas, har daga Baltimore. Maza suka zauna a gaban gida ƙarƙashin rumfa tare da Abdulhamid, ana karatu. Munzali na cikinsu, jiya ya dawo daga hanya. Mata suka cika falo da kicin da tsakar gida ta baya. Tayyiba ta jiƙa geron tun asuba, ta wanke ta tsane shi a kwando, amma ba ta gaya wa kowa komai ba. Duk minti goma sai ta zame ta tsallaka shinge ta leƙa ɗakin ta dawo. Turmi na can cikin gareji an kife shi.

Hajiya Hannatu ce ta karɓi ragama, kamar kullum. Ita ce shugabar ƙungiyar mata, kuma gaskiya ba mutuwar da za a yi a yankin nan ba ta zo da tukunyarta ba. Ita ta yi wa Inna wanka. Ta fito da blenda, injin niƙa, daga kwali, wata ƙatuwa, ta sa aka jawo waya har kan teburin tsakar gida.

"A yi maza a gama gumbar nan, kowa na da aiki gobe. Hasiya, miƙo geron."

Constance ta zo gaisuwa, ta yafa gyale. Ta matso kusa da Tayyiba kamar za ta ɗauki kofi.

"Ni ba addinina ba ne, ba gidana ba ne," ta ce ƙasa-ƙasa. "Amma kunnena ya ji. In kin yi magana zan tsaya. In kin yi shiru, ni ma na yi shiru."

Tayyiba ta dubi matan. Matan nan su ne suka yi mata zaman jego da ta haifi Hamida. Su ne za su wanke ta ran da ta mutu. Shekara biyu ke nan tana lallaɓa gaisuwarsu, yau ne ma aka fara sakar mata fuska.

Hajiya Hannatu ta danna. Injin ya kurma ihu, kaji suka watse cikin kuɓewa. Tayyiba ta ɗaga kai ta dubi tagar ɗakin Asma da ke tsallaken shinge. Dama an ɗan ɗage labulen ta gefe guda. Tana kallo aka sake shi ya rufe.

Ashe tana jira. Ashe Inna ta gaya mata wasiyyar.

Tayyiba ta taka ta bi wayar har bango ta zare.

"Af! Wuta ce ta ɗauke?" in ji Hajiya Hannatu. "Ƙauyen nan dai."

"Ni na zare, Hajiya."

"Lafiya?"

"Inna ta bar wasiyya. Ta ce a turminta za a daka, ba a inji ba."

"Allah sarki Inna Ɗija, har a kabari tana faɗa da blenda." Mata suka yi 'yar dariya. "To wa zai daka? Ni kafaɗata sai allura. Hasiya kuwa likitar ido ce, taɓarya sai a hoto."

"Ta faɗi mai dakan. Ta ce Asma."

Daga gaba ana jiyo karatun maza.

"Wace ce Asma?" in ji Hajiya Hannatu. Ta sani sarai.

"Wadda na haifa."

"Ɗan naki kike nufi? Subhanallahi. Namiji baligi a tsakiyar mata, ranar da muke nema wa baiwar Allah rahama? Tayyiba, ki ji tsoron Allah."

"Shi nake ji. Shi ya sa na zare."

"Wa ya ji wasiyyar?"

"Ni na ji," in ji Constance. "Ranar Talata, hankalinta ras. Har ta ce ba bayan gareji ba."

"Mara lafiya na faɗin abin da ya zo bakinsa. Ki je ki tambayi malamai, ga su can a waje."

Tayyiba ta goge hannunta a zane.

"Hajiya, ni aji uku na yi aka cire ni. Hukuncin wannan al'amari ban san shi ba. Allah ya sani, kuma ba sallar da zan yi ban kai masa kukana ba. Abu biyu dai na sani. Ba a haɗiye maganar mamaci, ni kuwa tun safe nake haɗiye ta tana ƙona ni. Na biyu, amanar da Allah ya ba ni mai rai ce, kuma da ranta nake so in mayar da bayani. Shekara guda ke nan wuƙaƙen gidana na cikin but ɗin mota. Ke kin taɓa ɗaukar makulli ki fita cikin ƙanƙara don ki yanka albasa?"

Ba wadda ta san wannan. Hasiya ta ajiye kwandon gero a hankali.

"Kwana tara muka yi a asibiti bara, ba wadda na gaya wa, don kar a sa ni a waya. Tsohuwar nan ce ta riƙe mini ita. Yau kwana uku ko ruwa sai da faɗa. Na gwammace in kira sunan nan a bakin shinge kuna ji, da in kira shi a bakin kabari ba mai amsawa."

Wata tsohuwa 'yar Damagaram da ke zaune kan tabarma tana jan carbi ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Wasiyya dai wasiyya ce."

Hajiya Hannatu ta gyara hijabinta. "Ni ba da ni ba." Ta shige falo, mata huɗu suka bi ta. Sauran suka tsaya inda suke, kowa na kallon ƙafarta.

Tayyiba da Constance suka nufi gareji. Turmin icce ne na gaske, ya fi buhun shinkafa nauyi. Suka kwantar da shi suna mirginawa, yana ƙugi a kan siminti, maza na juyowa daga rumfa. Sai ga Munzali a kansu.

"Me kike yi haka?"

"Abin da Inna ta ce."

"A gaban mutane?"

"A gaban mutane, Malam. Bayan mutane mun gwada, ka ga inda ya kai mu."

Ya tsaya yana kallonta. Ya dubi gidansu. Sannan ya naɗe hannun rigarsa, ya sunkuya ya rungumi turmin shi kaɗai, ya ratsa ta cikin mata suna darewa, ya dire shi a daidai gurbin da gindinsa ya yi a ƙasa shekara da shekaru. Ya koma rumfa.

Tayyiba ta je bakin shinge. Taku ashirin ne tsakaninta da tagar.

"A fito," ta ce. Bakin ya saba.

Labule bai motsa ba.

"Yayan Hamida!"

Tana jin idanun mata a bayanta kamar rana. Ta kama katakon shingen da hannu biyu, ta yi bisimilla a zuci.

"Asma."

Ya fito a shaƙe, ko kaji ba su ji ba. Ta ja numfashi.

"Asma! Asma'u! Ki fito, Inna ta bar miki aiki!"

"La'ilaha illallahu," in ji tsohuwar mai carbi. "Ɗan fari take kira da suna, tsakar rana."

Labulen ya ɗaga, ya sauka. Minti ɗaya, biyu. Tayyiba har ta ɗaga ƙafa za ta tsallaka da gudu sai ƙofar baya ta buɗe. Ga ta nan, doguwa, ta rame kamar kara, ta ɗaura zanen bular Inna a kan wandon barci, ɗankwali a karkace, takalmin ƙwallo a ƙafa. Ta tako har shingen ta tsaya. Idanunta sun kumbura.

"Mama, mi kika ce?"

"Kin ji ni sarai. Gero na bushewa."

"Ki sake hwaɗi."

"Ji yarinya da iyayi. Asma. Asma. To, ya isa? Sunkuyo." Ta kwance ɗankwalin ta ɗaura mata shi daidai, ta ja ƙullin da ƙarfi. "Ba a shiga mutane da ɗauri kamar na mahaukaciya. Ki gaishe da kowa, ki rusuna. Muje."

Ta riƙe hannunta suka tsallaka. Asma ta rusuna ta ce, "Ina wuninku, ya haƙuri?" Wasu suka amsa, wasu suka kau da kai. Mai carbi ta ce, "Haƙuri sai ma'abocinsa, ɗiyata. Ke ce da ta'aziyya, ke kika yi jinya."

Hasiya ta juye geron cikin turmi. Asma ta ɗauki taɓarya, wadda hannun Inna ya sa tsakiyarta ta yi santsi. Ta ce bisimilla, ta ɗaga ta sauke.

Dum.

Ƙasa ta amsa. Dum. Dum. A nan akwai matan da suka shekara ashirin ba su ji wannan ƙarar ba. Hasiya ta sa gefen mayafi ta rufe fuska. A gaban gida mai jan karatu ya ɗan tsaya, sannan ya ci gaba.

Amma wadda ta kwana uku ba ci, ba ta da ƙarfin daka. Kafin a yi nisa taɓaryar ta fara karkacewa, gumi na zuba, numfashi sama-sama. Wata daga baya ta yi tsaki. Tayyiba ta leƙa bayan ƙofar kicin, inda Inna ke jingine taɓarya ta biyu. Ta cire hijabi ta ba Constance, ta ci ɗamara da ɗankwali, ta tsaya ɗaya gefen turmin.

"In na ɗaga ki sauke. Kar ki fasa mini hannu."

"Ke dai kar ki fasa nawa, Mama. Yaushe rabonki?"

"Tun kafin a haife ki nake daka, marar kunya."

Dum-dum. Dum-dum. Ta farko ta yi karo, ta biyu ta daidaita. Daga nan sai suka kama, ɗaya na shiga ɗaya na fita, ƙanshin jiƙaƙƙen gero ya tashi ya cika tsakar gida. Kaji suka fito daga kuɓewa suna zagaye turmin. Wata 'yar Zariya ta ce a ba ta ta taɓa, ta karɓi ta Tayyiba. Bayanta wata ta karɓa. Hasiya ma ta gwada, ta kusa kwaɗa wa kanta a haɓa, aka yi dariya har mai carbi ta ce a tuna gidan makoki ne. Hannu ya yi ta canzawa a taɓarya ta biyu. Ta farkon ba wadda ta nemi karɓa, Asma kuma ba ta saki ba.

Wata ta ɗauko sukari za ta juye.

"Ke! Wa ya ce yanzu?"

Hajiya Hannatu ce tsaye a ƙofar falo, hannu a ƙugu.

"Sai ya yi laushi tukuna, in ba haka ba ya dunƙule ya yi ruwa. Kai, matan Amurka." Ta sauko ta ƙwace gwangwanin, ta sa yatsu cikin turmi ta murza garin. Ba ta dubi Asma ba. "Ni dai ban ce na yarda ba, Tayyiba. Maganata na nan. Amma in na bar ku za ku ɓata wa baiwar Allah sadaka."

"Na ji, Hajiya."

"A ƙara ashirin ta wannan gefen."

Asma ta ƙara ashirin ta wannan gefen.

Aka cura gumba fara tas, aka jera a faranti. Tayyiba da kanta ta kai na maza bakin rumfa. Abdulhamid ya gutsura ya sa a baki, sai ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa.

"Irin ta Inna ce," ya ce. "Wa ya daka?"

Tayyiba ta buɗe baki, amma Munzali ya riga ta. Yana kallon curin da ke hannunsa.

"Daga gidana ne," ya ce. Ya kai baki.

Da la'asar sakaliya motoci suka fara ja da baya suna tayar da tsakuwa. Hajiya Hannatu ta mayar da blendarta kwali, ta ƙulla gumba uku a leda ta jefa cikin jaka. Abdulhamid ya ce turmi da kaji kar a kai su ko'ina, a bar wa mai ba su ruwa.

Tayyiba ta gama share tsakar gida, ta tuna wa Munzali gobe ƙarfe bakwai za su fita wurin likita, da shi za a je. Ya ce ya ji. Ta shiga ɗakin Inna ta ɗauko kwalbar man kaɗanya.

Asma na zaune kan 'yar kujerar Inna kusa da turmi, ta baje tafukan hannunta a gwiwa. Duk sun yi bororo. Tayyiba ta tsuguna ta kama na hagu tana shafawa.

"Ba ni ɗayan."

"Tsaya, Mama."

Da na daman ta kai cikin turmin, ta kankaro gumbar da ta maƙale a gindi, ta cura 'yar ƙarama. Ta gutsura wa zakaran da ke tsaye yana jira, ta sa sauran a bakinta. Tayyiba ba ta ɗago ba. Tana ta shafa man, tana sauraren tauna.